Me Ya Sa Ƙarshen Fim Mai Dogon Zango Ke Tayar da Ƙura a Waya? Daga WandaVision Zuwa Labarina

Duk wanda ya saba zama a shagunan masu tura fim na Tudun Wadar Zariya ya san yadda rana take kasancewa idan wani babban shiri ya zo ƙarshe. Ɗaliban Kongo da sauran matasan unguwa kan zo da waya ko memori a tura musu kashin ƙarshe, kafin magariba kuma musu ya kaure a majalisa da guruf-guruf na WhatsApp. Wani ya ce an yi ƙoƙari, wani ya ce an ci amanar masu kallo, wani kuma yana fushi ne kawai saboda ya ga ƙarshen labarin a sitatus ɗin abokinsa tun bai kalla ba.

Wannan ƙura tana da dalilai, wasu daga yadda ake gina labarin, wasu daga yadda manhajojin waya ke aiki. Shirin WandaVision na kamfanin Marvel ya isa misali. Sai dai a sani, bayanin da ke tafe zai fasa ƙwan ƙarshen shirin ga wanda bai gani ba.

Mece ce duniyar haɗaka?

Duniyar haɗaka ita ce a shirya fina-finai daban-daban, kowanne da jaruminsa da labarinsa, amma duk a cikin duniya guda suke faruwa. Abin da ya auku a fim ɗaya yana shafar na gaba, jarumin wannan fim yana iya leƙowa cikin wancan, wanda ya mutu a can kuma matacce ne a nan.

Marvel ta fara nata a 2008 da fim ɗin Iron Man. Bayan an gama jero sunayen ma'aikata a ƙarshen fim, sai aka nuno wani ɗan gajeren yanki inda Nick Fury ya zo wa Tony Stark da maganar haɗa rundunar Avengers. Daga nan masu kallo suka koyi zama har sunaye su ƙare. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 2019, aka fitar da Avengers: Endgame, fim na 22 a jerin, wanda ya tara kusan dala biliyan 2.8 a sinimomin duniya.

Masoya fina-finan Indiya, musamman waɗanda ake fassarawa zuwa Hausa, sun san salon ko da ba su san sunansa ba. A Pathaan na 2023, Salman Khan ya faɗo cikin fim ɗin Shah Rukh Khan a matsayin Tiger, shi ma Pathaan ya rama ziyarar a Tiger 3 cikin shekarar. Haka Singham na Ajay Devgn ya bayyana a Simmba a 2018, sannan su biyun suka haɗu da Akshay Kumar a Sooryavanshi a 2021.

Bahaushe ma ba baƙo ba ne ga jarumi ɗaya a labarai da yawa. Gizo da matarsa Ƙoƙi suna yawo daga tatsuniya zuwa tatsuniya, marigayi Rabilu Musa kuma ya fito da sunan Ibro a fina-finai masu ɗimbin yawa. Bambancin shi ne, Gizo yana iya shan duka yau, gobe a same shi garau a wata tatsuniyar, babu mai tambayar yadda aka yi. A duniyar haɗaka kuwa masu kallo suna riƙe da lissafi, kuma suna bin bashin duk alƙawarin da labari ya ɗauka.

Abin da ya faru da WandaVision

WandaVision ya fara fita a manhajar Disney+ ranar 15 ga Janairun 2021, ya ƙare ranar 5 ga Maris da kashi na tara. Labarin Wanda Maximoff ne, wadda Elizabeth Olsen ta fito a matsayinta, matar da baƙin cikin mutuwar masoyinta Vision ya sa ta mamaye wani ƙaramin gari mai suna Westview da ƙarfin tsafinta, ta gina wa kanta rayuwar aure da 'ya'ya biyu ta ƙarya.

Bayan kashi biyu na farko, ana sakin ɗaya ne duk Juma'a, wato masu kallo suna da kwana bakwai na hasashe tsakanin kowane kashi da na gaba. A wannan tsakanin aka gina manyan zato guda huɗu. Na farko, cewa wani shaiɗani mai suna Mephisto, wanda aka sani a littattafan zane na Marvel, shi ne ke juya komai a ɓoye. Na biyu, cewa wani injiniya da Monica Rambeau ta ambata shi ne Reed Richards na Fantastic Four. Na uku, cewa Doctor Strange zai bayyana a ƙarshe.

Na huɗu ya fi kowanne ƙarfi. A ƙarshen kashi na biyar, ɗan'uwan Wanda, Pietro, wanda ya mutu tun a fim ɗin Age of Ultron na 2015, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Amma ba jarumin da ya taka rawar a da ba ne, Evan Peters ne, wanda ya fito a wannan matsayi a fina-finan X-Men na kamfanin Fox. Da yake Disney ta sayi Fox a 2019, jama'a suka ɗauka an buɗe ƙofar shigo da X-Men ke nan.

Da kashin ƙarshe ya fito, babu Mephisto, babu Reed Richards, babu Doctor Strange. Pietron nan kuma ashe wani mazaunin garin ne mai suna Ralph Bohner, wanda mayya Agatha ta sarrafa. Paul Bettany, mai fitowa a Vision, ya taɓa cewa zai yi aiki da wani jarumi da ya daɗe yana burin haɗuwa da shi, ashe kansa yake nufi, domin Vision biyu ne suka fuskanci juna. Daga baya shugaban Marvel Studios, Kevin Feige, ya tabbatar cewa an shirya sako Doctor Strange amma aka cire shi don kada ya janye hankali daga labarin Wanda.

Masu kallo sun rabu biyu. Ɓangare ɗaya ya ce shirin tun farko a kan rashi da juyayi yake, kuma ya rufe wannan labarin yadda ya dace, tunda Wanda ta saki garin ta yi bankwana da iyalin da ta ƙirƙira. Ɗaya ɓangaren ya ce masu shirin ne da kansu suka watsa tsaba, don haka ba su da bakin zargin kaji da suka taru.

Rawar da waya ke takawa

Manhajoji irin su YouTube da TikTok da Facebook suna da tsarin lissafi da ke zaɓar abin da za a nuna wa mutum, kuma abin da suke aunawa shi ne dannawa, tsawon kallo, sharhi da turawa. Bidiyon da ya ce “an gano wanda zai fito a kashin ƙarshe” ya fi jan dannawa a kan wanda ya ce a jira a gani. Mai tasha yana samun kuɗin talla ko hasashensa ya tabbata ko bai tabbata ba, don haka babu abin da zai hana shi ƙara gishiri.

Idan mutum ya kalli irin wannan bidiyo sau biyu ko uku, manhajar za ta ci gaba da kawo masa makamantansa. Kafin mako ya zagayo ya ji magana ɗaya daga bakuna goma, har ta zame masa kamar sanarwar kamfani. Ranar da shirin ya ƙare ba yadda ya zata ba, sai ya ji an yaudare shi, alhali rabin alƙawarin daga wayarsa ya fito. Yanzu kuma an samu ƙarin matsala ta tallan fim na bogi da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira, wanda ba kowa ke iya bambance shi da na gaske ba.

Akwai kuma batun lokaci. Ana sakin WandaVision da ƙarfe goma sha biyun dare agogon yammacin Amurka, wanda ya yi daidai da ƙarfe tara na safe a Najeriya. A 2021 ba a buɗe Disney+ a hukumance a Najeriya ba, don haka mai kallo a Tudun Wada yakan jira sai fim ya iso shago ko wani ya tura masa ta Xender. A cikin waɗannan awanni hotuna da gutsattsarin bidiyo sun riga sun cika Twitter, wadda yanzu ake kira X. Mutane da yawa sun san ƙarshen labarin kafin su ga farkonsa.

Ƙarshen da ba ya rufe ƙofa

A duniyar haɗaka kashin ƙarshe yana ɗauke da kaya biyu: ya kammala labarinsa, ya kuma share fage ga na gaba. WandaVision ya ƙare da Wanda tana nazarin littafin tsafi na Darkhold tana jin muryar 'ya'yanta, zaren da sai a Mayun 2022 aka ci gaba da shi a Doctor Strange in the Multiverse of Madness. Labarin Monica ya koma The Marvels a 2023, na Agatha kuma ya zama shiri mai zaman kansa a 2024.

Wannan yana da tsada ga mai kallo. A ɗauki misalin shirye-shiryen DC da suka yi tashe a memorin matasa. Arrow ya yi kashi 170 daga 2012 zuwa 2020, The Flash ya yi kashi 184 daga 2014 zuwa Mayun 2023. Idan kowane kashi ya kai minti 42, The Flash kaɗai ya kusa awa 129. A ma'aunin Netflix, mafi ƙarancin ingancin hoto yana cin kimanin 0.3GB a awa, wato kusan 39GB ke nan, hoto mai kyau sosai kuma yana iya cin 3GB a awa ɗaya. Ga shi wanda ke bin The Flash kaɗai ba zai fahimci babban labarin Crisis on Infinite Earths ba, domin an raba shi kashi biyar a shirye-shirye biyar daban-daban tsakanin Disambar 2019 da Janairun 2020.

Wanda ya zuba wannan lokaci da data yana ganin yana da haƙƙi a kan ƙarshen labari, shi ya sa fushinsa ke da zafi. Kamfanonin ma sun ji a jikinsu. The Marvels ya zama fim mafi ƙarancin ciniki a jerin Marvel, kuma a 2024 shugaban Disney, Bob Iger, ya sanar cewa za a rage yawan fina-finai da shirye-shiryen da Marvel ke fitarwa a shekara.

A gida Kannywood fa?

Tun daga 2020 fina-finai masu dogon zango suka mamaye YouTube na Hausa, irin su Izzar So na Lawal Ahmad da Labarina na Aminu Saira, bayan Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24. Tsarin fitarwa mako-mako iri ɗaya ne da na WandaVision, haka ma hasashe da musun da ke biyo baya a sashen sharhi.

Labarina ya nuna yadda masu kallo ke riƙe lissafi. Da Nafisa Abdullahi ta bar rawar Sumayya, Fati Washa ta karɓa, an daɗe ana muhawara a kan ko Sumayyar nan ita ce waccan. Daga baya shirin ya buɗe sabon labari da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara. Wannan salo ne na daban: suna ɗaya, labarai mabambanta, kuma yana da fa'idar cewa sabon mai kallo zai iya shiga ba tare da ya nemi zangunan baya ba.

Duk furodusan da ke sha'awar haɗa jaruman shirye-shirye biyu a duniya ɗaya yana buƙatar abubuwan da Marvel ta dogara da su: mallakar haƙƙin labaran a hannu ɗaya, yarjejeniya mai tsawo da jarumai, da kundin da ke riƙe tarihin kowane ɗan wasa don kada labari ya ci karo da kansa. Ficewar jarumi ɗaya tana iya girgiza shiri guda, balle shirye-shirye uku da ke jingine da juna.

Yadda mai kallo zai kare kansa

A manhajar X akwai wurin toshe kalmomi a ƙarƙashin saitin sirri da tsaro, inda za a rubuta sunan shiri da na jarumansa don kada su bayyana. TikTok ma tana da tace kalmomi a saitin abubuwan da ake son gani. A YouTube, danna ɗigo ukun da ke gefen bidiyo yana ba da damar cewa ba a sha'awarsa ko a daina nuno tashar gaba ɗaya. A WhatsApp ana iya ɓoye sitatus ɗin abokin da ya saba fasa ƙwai, a kuma kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, wanda zai rage cin data.

Kafin a yarda da labarin cewa wani jarumi zai fito ko ya fice, a duba shafin kamfanin ko na daraktan da kansa. Shafukan da ke alƙawarin kashin ƙarshe tun kafin ranar fitarsa kuma a guje su, musamman masu neman a sauke wata manhaja ko a shigar da lambar waya, domin ta nan ake cusa wa waya manhajar cutarwa ko a sace asusu.

Wanda ya riga ya kalla, ya ba abokansa kwana biyu kafin ya ɗora hoton ƙarshen a sitatus. Wanda zai fara sabon shiri kuma, ya fara tambayar mai shago ko zango nawa ne, da kuma ko sai an kalli wasu fina-finan kafin a gane shi, sannan ya miƙa memorinsa.