Shekara Goma a Gabi: Me Doka ke Nema ga Mai Son Zama Ɗan Nijar?

A ƙaramar hukumar Gabi, cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a ƙetaren iyaka. Jibiya ta jihar Katsina na nan kusa, ana auratayya, ana cin kasuwannin juna. Tun daga 2019 kuma, hare-haren 'yan bindiga sun koro dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi. Wasunsu sun yi gida sun kama noma, amma a idon hukuma har yau baƙi ne.

Dokar zama ɗan ƙasa ta Nijar ita ce mai lamba 84-33, ta ranar 23 ga Agusta 1984, zamanin Seyni Kountché. Sharaɗinta na farko shi ne mai nema ya shekara goma a Nijar, zama na dindindin. Ɗan kasuwar da ke zuwa ci-rani yana komawa gida da damina bai cika shi ba. Wanda ya yi wa ƙasa wata gagarumar hidima ana iya ɗauke masa wannan wa'adi. Nijeriya kuwa shekara 15 take nema.

Sai hali. Dole a shaidi mai nema da kyakkyawar ɗabi'a, kuma wanda kotu ta taɓa ɗaurewa kan laifi, ba a kuwa wanke shi bisa doka ba, ƙofa a rufe take gare shi. Shi ya sa ake gudanar da bincike kafin takardun su kai gaban shugaban ƙasa, domin shi ke bayar da izinin zama ɗan ƙasa ta hanyar dokar da zai sa wa hannu.

Abin da ya fi ci wa masu nema tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ƙi. Idan shekara ta cika ba amsa, doka ta ɗauka an ƙi ke nan, kuma babu ɗaukaka ƙara. Mutum na iya cika kowane sharaɗi a hana shi, don kyauta ce daga ƙasa, ba haƙƙi ba.

Gyaran ranar 5 ga Nuwamba 2014 ya sassauta wa ma'aurata. Yanzu baƙon da ya auri 'yar Nijar na iya nema bayan shekara uku da aure, kamar yadda baƙuwar da ta auri ɗan Nijar ke iyawa, muddin suna tare, yana da abin yi, kuma ba shi da hannu a fashi, ta'addanci ko fataucin ƙwaya. Gyaran ya kuma halatta riƙe ƙasa biyu. Tun 1999 kuwa uwa 'yar Nijar ke gadar wa 'ya'yanta ƙasarta.

Inda gizo ke saƙar a karkara shi ne takarda. Auren da liman ya ɗaura a ƙauye amma ba a rubuta a ma'aikatar magajin gari ba, da haihuwar da ba a yi wa rajista ba, suna iya dakatar da neman tun kafin ya bar Madarunfa. Mai wannan niyya gara ya fara da rubuta aurensa, ya karɓar wa yaransa takardun haihuwa, ya adana duk wata shaida ta ranar da ya soma zama a garin.