Kwantai, Rangwame da Gwanjo: Yadda Ake Karya Farashin Tufafi da Kayan Ɗaki a Kasuwannin Batsari da Safana

Tsakure

Manyan kantunan Turai da Amurka suna da lokaci sananne a shekara wanda suke karya farashin tufafi da kayan gida domin su rabu da abin da ya yi musu kwantai. Idan aka zo bayyana wannan al'ada da Hausa, akan kira ta gwanjo ko garaɓasa. Wannan maƙala ta dubi yadda 'yan kasuwa suke rabuwa da kayan kwantai a ƙananan hukumomin Batsari da Safana ta jihar Katsina. Ta nuna cewa karya farashi a wannan yanki yana bin aljihun manomi da watannin Sallah, kuma a bakin ciniki ake yin sa. Ta kuma bambance kalmomin da Bahaushe yake amfani da su a wannan fage, domin amfanin masu fassara da masu tsara ƙamus.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saro kaya domin sayarwa ya san cewa ba duka za su shiga ba. Abin da ya rage yana riƙe masa jari, yana cin wuri, wani lokaci kuma yayinsa ya wuce. Hanyar da manyan kantuna suka bi wajen warware wannan matsala ta samo asali ne daga rubuta farashi a jikin kaya. Kantin Le Bon Marché na birnin Faris, wanda Aristide Boucicaut ya shiga harkarsa a 1852, yana cikin waɗanda suka yaɗa tsarin farashi ɗaya ga kowa. A Amurka kuwa, John Wanamaker ya fara rangwamen zannuwan gado na watan Janairu a kantinsa na Filadelfiya a 1878. A Faransa ta yau doka ce take tsara lamarin: sau biyu a shekara, mako huɗu-huɗu, na lokacin zafi yana farawa a ƙarshen watan Yuni. Irin waɗannan kantuna sun shigo Nijeriya tun zamanin mulkin mallaka, kamar Kingsway na kamfanin UAC da aka buɗe a Legas a 1948.

Sharaɗin wannan tsari shi ne a sami farashi rubutacce wanda za a soke a rubuta wani a ƙarƙashinsa. A kasuwar mako kuwa, farashi yana fitowa ne daga tayi da albarka da sallamawa. Tambayar da wannan maƙala take amsawa ita ce: ta yaya ake karya farashin da ba a rubuta ba?

2.0 Muhallin Nazari

Batsari da Safana suna yammacin jihar Katsina, a gefen dajin Rugu, kusa da iyakar jihar Zamfara. Hakimin Batsari yana riƙe da sarautar Sarkin Ruma, na Safana kuma Yariman Katsina. Akasarin jama'ar manoma ne da makiyaya. Suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa da rogo. Kasuwar Batsari, wadda take ci ranar Alhamis, tana haɗa mutanen karkara da fatake daga nesa.

Tufafi da kayan ɗakin da ake kasawa a yankin daga waje suke zuwa. Atamfa da shadda da leshi da yadi akan saro su daga Kantin Kwari a Kano ko daga birnin Katsina. Dilolin gwanjo sukan fito daga kasuwanni irin su Ƙofar Wambai, wasu kayan kuma ta hanyar Maraɗi da Jibiya suke shigowa. Ƙaramin ɗan kasuwa sau da yawa a kan amana yake karɓar kaya daga ubangidansa, ya sayar ya kawo kuɗi kafin a ba shi wasu. Wannan alaƙa ita ce take matsa masa ya rabu da kaya ko da riba ta yi ƙaranci, domin jinkirin biya yana zubar da yarda.

3.0 Kalmomin Karya Farashi

Kwantai shi ne tushen maganar. Kaya sun yi kwantai idan an kasa su, kasuwa ta tashi ba su shiga ba. Kalmar tana ɗauke da ɗan aibi, shi ya sa mai kaya ba ya furta ta a gaban mai saye.

Ragi shi ne abin da mai kaya yake saukewa ga mutum ɗaya a lokacin ciniki. Rangwame ya fi ragi faɗi, domin ana yin sa a farashi da bashi har da hukunci, kuma yana nuna sassauci daga wanda yake da iko. Gyara ƙari ne a kan abin da aka saya bayan an daidaita, kamar a ɗora wa wadda ta sayi kwanuka ludayi ko cokula. Karya farashi shi ne saukar da kuɗin kaya ƙasa da yadda sauran 'yan layi suke sayarwa, abin da yakan jawo wa mai yin sa tsegumi daga abokan sana'a. Garaɓasa tana kallon lamarin ne ta fuskar mai saye: wata araha ce da ta faɗo, wadda ake rububin kwasa kafin ta ƙare.

Gwanjo ita ce kalmar da ta fi rikitarwa. Ana danganta ta da kalmar gbanjo ta Yarabanci, kuma ma'anarta ta farko ita ce sayar da kaya a bainar jama'a ga wanda ya fi tsawaita tayi, kamar yadda hukumomi suke gwanjon tsofaffin motoci. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa ta koma kan tufafin da aka riga aka sa, waɗanda ake shigowa da su a dila. A bakin mutumin karkara a yau, rigar gwanjo tsohuwar riga ce. Saboda haka duk wanda ya ce wani kanti yana gwanjon kayansa, alhali sababbi ne aka rage wa kuɗi, ya sauya saƙon gaba ɗaya.

4.0 Lokutan Karya Farashi

Kalanda biyu suke juya kasuwar tufafi a wannan yanki. Ta farko ita ce ta noma. Kuɗi suna shiga hannun manomi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, a lokacin ne ake yawaita aure, ana haɗa lefe da kayan ɗaki. Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa, wanda aka buga a 1972, ya bayyana yadda ƙaramin manomi yake sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ba shi da daraja, ya dawo yana saye da tsada idan damina ta yi nisa. Mai sayar da tufafi yana rayuwa ne a cikin wannan juyi. Da zarar bazara ta ƙare aka shiga neman iri da taki da kuɗin ƙwadago, kasuwarsa takan mutu. Shi kansa galibi manomi ne, yana buƙatar kuɗin da zai sa a gona. Saboda haka faɗuwar damina, wato Mayu zuwa Yuni, lokaci ne da hannunsa yake sakewa.

A cikin wannan kalanda akwai kayan da yanayi yake kashe wa kasuwa. Rigunan sanyi da barguna da hulunan yara suna tashe daga Disamba zuwa Janairu. Idan hunturu ya fara ja da baya a Fabrairu, mai su yana da zaɓi biyu: ya sayar a kan uwar kuɗi, ko ya ɗaure su wata tara yana gadin su daga gara da ɓera da danshin damina.

Kalanda ta biyu ita ce ta Musulunci. Cinikin kayan Sallah yana da matakai. Yadi da shadda da atamfa su ne suke fara tsayawa, domin da zarar teloli sun daina karɓar ɗinki a goman ƙarshe na azumi, mai saye ba shi da abin da zai yi da su. Ɗinkakkun kayan yara da takalma da huluna da mayafai suna ci gaba da tafiya har daren jajibere. A wannan dare ne farashi yakan karye, saboda mai kaya ya san cewa yaron da rigar ta yi wa daidai bana ya wuce ta baɗi.

Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka kalandun biyu ba sa tafiya tare. Daga 2005 zuwa 2007 Ƙaramar Sallah ta faɗo a Oktoba da Nuwamba, daidai da kaka, lokacin da rumbu yake cike. A 2024 kuwa ta zo a Afrilu, Babbar Sallah kuma a Yuni, lokacin da aljihu ya bushe ana shirin shuka. Idan Sallah ta zo a irin wannan lokaci, haɗarin kwantai yakan ƙaru, kuma ɗan kasuwa mai lura yakan rage sarinsa tun farko.

Akwai kuma ƙaramin zagaye na mako-mako. Farashin hantsi daban yake da na la'asar sakaliya a ranar kasuwa. Wanda zai biya kuɗin mota ya mayar da kaya gida yakan gwammace ya sallama. Masu ƙaramin ƙarfi sun san haka, shi ya sa suke jinkirta sayayyarsu zuwa tashin kasuwa.

5.0 Lissafin Mai Kaya

A ɗauka, a matsayin misali, mutum ya saro rigunan sanyi 100 a kan naira 2,000 kowace, jimla naira 200,000. Ya sayar da 70 a kan naira 3,000, ya sami naira 210,000. Uwar kuɗinsa ta riga ta fito. Sauran 30 ɗin ko a naira 1,500 ya sake su, naira 45,000 ce ta shigo a matsayin riba. Mai kallo zai ce ya faɗi a kowace riga, alhali a jimlar sari ya ci. Wannan shi ne abin da ake nufi idan ɗan kasuwa ya ce ya fitar da kuɗinsa. Haka masu fasa dila suke yi: zaɓaɓɓun kayan farko su ne suke biyan kuɗin dilar, na ƙarshe kuma a zube su a tabarma ana shelar farashi ɗaya.

Kayan ɗaki suna da nasu lissafin. Kwalla da samira da kula da robobi da labule ba sa lalacewa da wuri, abin da yake kashe su shi ne sauyin yayi. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, wani abu ya ƙaru a lissafin: kuɗin da aka sayar da kaya yau ba lalle ne su sake sayo irinsu gobe ba. Hauhawar farashi tana sa riƙe kayan da ba sa tsufa ya fi sakin su, ta haka kuma tana rage yawan rangwame.

6.0 Hanyoyin Rabuwa da Kwantai

Hanya ta farko ita ce saurin sallamawa. Mai kaya ba ya shelar cewa ya sauko. Tayin da ya ce wa albarka a makon jiya shi ne yake karɓa yau. Ta haka yake kare mutuncin kayansa, domin Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Ta biyu ita ce sauya wa kaya kasuwa. Zanen atamfar da ya tsufa a Kano sabo ne a Batsari, wanda ya gama yayi a Batsari ko Safana kuma yana iya samun masu so a garuruwa irin su Wagini da Runka da ƙauyukan da suke kewaye da su. Ta uku ita ce dillaliya, wadda take shiga da kaya gida-gida wurin matan aure, ta karɓi la'adarta. Ta huɗu ita ce bayar da kaya bashi zuwa kaka ga wanda aka sani. A nan farashi bai sauka ba, lokacin biya ne aka tsawaita, amma ga mai saye sauƙi ne.

7.0 Araha ta Dole

Rashin tsaron da ya addabi yankin dajin Rugu ya taɓa waɗannan hanyoyi duka. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Batsari da Safana, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a yankin. Wanda ya sayar da akuya ko sa shi ne yake ratsawa layin 'yan atamfa, saboda haka rufe kara ya shafi mai tufafi kai tsaye. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya sake tsayar da ciniki a wuraren da ba a saba da tura kuɗi ta waya ba. Haɗarin hanya kuma ya rage zagayen ƙauyuka, wanda shi ne babbar mafitar kayan kwantai.

Akwai wata araha da ya kamata a ware ta daban. Kayan ɗaki ajiyar mace ce, su take ɗagawa idan ta shiga matsi. Iyalin da suka baro ƙauyensu, ko suke haɗa kuɗin fansar ɗan'uwa, sukan sayar da katifa da kwanuka da turamen zane a kan abin da ya samu. Wanda ya kira wannan garaɓasa ya dubi ribar mai saye, ya kau da kai daga halin mai sayarwa.

8.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa manufar rabuwa da kayan da suka rage ɗaya ce a Faris da Batsari, amma tsarin ya bambanta. A can doka da kalandar kanti suke sa rana, a nan kaka da damina da Sallah suke sa ta. Maƙalar tana ba da shawarar a riƙa amfani da rangwamen ƙarshen yayi ko karya farashin kayan kwantai idan ana nufin tsarin manyan kantuna, a bar gwanjo ga sayarwa ta tsawaita tayi da kuma tufafin dila, a keɓe garaɓasa ga harshen talla. Akwai kuma buƙatar a tattara kalmomin shela da na tayi daga bakin 'yan kasuwar yammacin Katsina, musamman a wannan lokaci da ƙaura take raba masu sana'ar da kasuwannin da suka gada.