Masu Kwana a Daji da Hunturu, a Kula da Gatari da Wuta

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, da zarar hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, karkarar Agiye da Gazawa da Gidan Rumji sai ta cika da baƙi. Makiyaya na gangarowa daga arewa da garkunansu, masu yankan kaba na kwana a bakin Gulbin Kaba, ga masu amalanken itace, ga samari ƴan farauta. Duk wanda dare ya riska a waje, wuta yake nema, don sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, iska kuma har ƙashi take shiga. Babu mai hana mutum jin ɗumi. Sai dai a san itacen da za a hura, da inda za a hura shi.

A wajen itacen ne ɓarna ta fi yawa. Baƙo kan ga rassan sabara ko kalgo uku ko huɗu tsaye a gona, an share musu gindi, sai ya kai musu gatari yana cewa ai daji ne. To, hannun mutum ne ya tsayar da su. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda Toni Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya fara yaɗawa tare da manoman jihar Maraɗi a 1983. Manomi yakan bar kututturen da ke toho, ya zaɓi rassa masu ƙarfi, ya cire sauran, ya yi ta lallaɓa su shekara da shekaru kamar mai renon maraya. Da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a faɗin hekta miliyan 5 na kudancin Nijar. Ƙauyen Ɗan Saga na Agiye ya yi suna a kai, har mutanensa suka kafa kwamitin sa ido mai maza da mata. Dokar da gwamnati ta fitar a ƙarshen Yulin 2020 kuma ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itacen da ya rena. Wanda ya sare shi, dukiyar wani ya ɓarnatar.

Abin haushin ma, ɗanyen itace hayaƙi kawai yake yi, ya cika ido da hawaye. Busasshen kashin shanu da rassan da suka faɗo da kansu sun fi shi ci da daɗewa. Kara kuwa yana da mai shi, a tambaya kafin a ɗiba. Makiyayin da ke son ƴaƴan gawo ya kaɗo su da gora, ba sai ya hau ya datse kan bishiyar ba. Mai yankan kaba ya bar zuciyar tohon goruba, in yana so ya samu abin yanka baɗi.

Sai wurin hura wutar. A share ciyawa taku uku ko huɗu ta kowane gefe har rairayi ya fito, a tona ɗan rami a tsakiya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka a duba abin da ke kudu maso yamma: rumbu ne, ko tarin kara, ko bukkar wani? A ɗaga kai sama kuma. Mutanen wannan yanki kan ɗora harawa da kara a kan rassan bishiya don ajiyar rani, tartsatsi ɗaya ya ishe su.

Da safe toka kan yi fari fat a sama, mutum ya ɗauka ta mutu, alhali garwashi na nan ja a ƙasa. Da hantsi iska ta taso ta tone shi, lokacin mai wutar ya yi nisa. Zuba ƙasa kaɗai ba ya isa, wani lokaci adana garwashin ma take yi. A yayyafa ruwa, a juya da sanda, a kai bayan hannu kusa. In akwai sauran zafi, ba a gama ba. Haka garwashin shayi da guntun taba. Su kuwa samarin da ke cinna wa daji wuta don su fito da gafiya, ban ga uzurinsu ba ko kaɗan: naman da bai cika tukunya ba, a ƙone abincin dabbobin gari guda? Dokar gandun daji ta 2004 ta tanadi hukunci kan gobarar daji, ma'aikatan gandun daji kuma ba sa wasa da dazuzzuka irin su Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado da Baban Rafi.

Akwai haɗarin da ke kashewa ba tare da harshen wuta ba. Wanda ya shigar da kaskon gawayi cikin bukka ko tanti ya toshe ko'ina, yana shaƙar wata iska mai guba marar wari. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, daga nan sai barcin da ba a farkawa. A fitar da kasko kafin a kwanta. In an ga alamun a jikin wani, a fito da shi sarari nan take, a nufi likita.

Leda da mataccen batir na tocila, a tattara a tafi da su, don saniyar da ta haɗiye leda ramewa take yi har ta mutu. Bayan gida kuma a yi nesa da rijiya da tafki, a rufe.

Jama'a, duk wanda zai yada zango, ya fara isa wurin mai gari ya yi sallama, ya faɗi inda zai kwana da ranar da zai tashi, musamman a ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Rumji inda tsaro ke da wuya. Masu gari da rugga da arɗo da limamai, don Allah ku isar da wannan magana tun kafin garkunan bana su sauka.