Makullin da ke Fitar da Mota Daga Taɓo

Shirinmu na yau ya nufi unguwannin masana'antu na Kano, wato Sharada da Challawa da Bompai, inda zai leƙa ƙarƙashin motocin da ke yi wa kamfanoni aikin daji.

Wanda ya bi titunan Sharada zai fi ganin tirela da manyan motoci. To amma kafin kaya ya kai ga tirela, ƙaramar mota ce take shiga ƙauye. Hilux ko Land Cruiser ce ke ɗaukar masu sayo fata domin majemun Challawa, da masu neman shinkafa a Kura, da masu sayen masara da waken suya a wajen Tudun Wada da Doguwa. Daga watan Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta lokacin da ruwa ya sauka sosai, hanyoyin burji sukan koma taɓo. A nan ne direba ke ganin abin takaici. Ya sa fowil, wato giyar da ke jan tayoyi huɗu, ya taka totur, taya ɗaya tana juyawa tana feshin laka, 'yar'uwarta da ke kan busasshiyar ƙasa kuwa ko motsi ba ta yi.

Motar ba lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ta. A tsakiyar aksul akwai difarensha, aikinsa shi ne ya bar tayoyi biyu su yi gudu daban-daban idan za a sha kwana, domin tayar waje ta fi ta ciki nisan tafiya. Sai dai ƙarfin da yake ba kowace taya daidai yake da na ɗayar. Idan ɗaya ta faɗa santsi ko ta ɗaga sama, ƙarfi kaɗan ya ishe ta juyawa, ita ma mai riƙe da ƙasa wannan kaɗan ɗin za ta samu. Shi ya sa mota mai fowil kan kafe da taya biyu kacal suna juyawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya.

Maganin wannan shi ne makullin difarensha, wanda ke haɗe tayoyin biyu su juya tare. Wasu Land Cruiser da sababbin Hilux suna zuwa da nasu daga kamfani, direba ya danna maɓalli ya kama. Kamfanin ARB na Ostareliya yana yin wanda iska ke kunnawa tun shekarar 1987. Wanda shirin ya fi mayar da hankali a kansa shi ne mai kama kansa, ba maɓalli, ba waya, ba famfon iska. Asalinsa daga Amurka ne, inda Ray Thornton ya yi masa rajista a 1941, aka sa shi a motocin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne daga baya ya yi suna da Detroit Locker, kuma kamfanin Eaton ne ke da shi tun 2005.

Muddin injin yana tura mota, haƙoran makullin a cije suke, tayoyin biyu suna ja tare. Da an shiga kwana, sai ya saki tayar waje ta wuce da gudunta, ana jin ƙas-ƙas-ƙas daga baya, sannan ya sake kamawa idan mota ta miƙe.

Iri biyu ne. Babban yana maye gurbin gidan giyoyin gaba ɗaya, ya fi ƙarfi, ya fi tsada, kuma dole a sake saita tazarar haƙora da ma'auni. Ƙaramin, irin su Lock-Right da Lokka da Aussie Locker, yana shiga cikin tsohon gidan ne bayan an cire ƙananan giyoyin da ke ciki.

Aikin ƙaramin bai fi ƙarfin bakaniken da ya san aksul ba. Zai ɗaga mota ya kafa ta da kyau, ya zubar da man giya, ya kwance farfela, ya zaro sandunan aksul, sannan ya fito da difarenshan ya ɗora a teburi. Kafin ya kwance komai, sai ya yi wa kowane murfi da zobe alama, domin su koma inda suka fito. A nan ne ake gane gwani. Akwai 'yar tazara tsakanin ɓangarorin makullin da kamfani ya ƙayyade a takardarsa, kuma da siraran ƙarafan awo ake auna ta, ba da ido ba. Idan ta yi yawa, haƙora za su riƙa zamewa har su cinye. Idan ta yi kaɗan, ba zai saki a kwana ba. Wosha ko fil ɗin tsakiya da suka ci aiki, a canja su. Bayan an mayar, tun mota na sama, a sa giya, mutum ɗaya ya danne taya guda, ɗayan ya juya ta ɗaya ɓangaren. Ana so a ji ta saki tana ƙara, gaba da baya, hagu da dama.

Ko a kasuwar Ƙofar Ruwa aka samo makullin, ko odarsa aka yi daga waje, a ƙirga haƙoran bakin sandar aksul kafin a biya kuɗi, domin ko a cikin Hilux ba duka ne iri ɗaya ba.

Yana da nasa halin, kuma ɓoye wa direba shi zalunci ne. A kan kwalta mota kan ɗan fizga idan aka taka totur ko aka saki a tsakiyar kwana, abin ya fi tsanani idan an yi ruwa kuma bayan motar babu kaya. Taya tana saurin cinyewa. Dole tayoyin baya su zama girma ɗaya, iska ɗaya. Sa shi a aksul na gaba yana sa sitiyari nauyi, kuma ba a yin haka a motar da fowil ɗinta ke aiki kullum. Wasu kan gudu daga tsada su yi wa giyoyin walda su haɗe su har abada. Wannan ganganci ne, domin motar ba za ta ƙara saki a kwana ba, kuma sandar aksul na iya karyewa da kaya a kai.

Motar da aikinta daga Sharada zuwa Bompai ne a kan kwalta ba ta bukatarsa. Wadda ke kwana a fadamun Haɗeja ko rairayin arewacin Maraɗi kuwa, kuɗinsa ba asara ba ne. Saboda haka masu kamfanoni, kafin damina ta kankama, ku zauna da bakanikenku da direbanku a duba inda kowace mota take zuwa, kuma duk wadda aka sa wa makullin, a fita da direbanta fili ya gwada ta kafin a ɗora mata kaya.