Gurgun Kare a Bakin Kwari: Daga Ina Ya Fito, Yaya Za a Taimake Shi?

Kasuwar karnukan waje ta buɗe a biranen Arewa, Gombe ma tana ciki. Tsoron ɓarayi ya sa magidanta da masu shaguna neman kare mai girman jiki da kakkausar murya, tallar kwiyakwiyai kuwa ta cika Facebook da WhatsApp: ga Alsatian, ga Rottweiler, ga Boerboel na Afirka ta Kudu, ga Caucasian mai gashi buzu-buzu wanda asalinsa na ƙasar duwatsu da ƙanƙara ne. Mutum yana zaune a Herwagana ko Jekadafari zai ga hoto, ya tura kuɗi, a sako masa kwikwiyo cikin kwali a motar haya. Bai ga uwar ba, bai ga inda aka haife shi ba.

Akwai masu kiwo na gaskiya, masu kai dabbobinsu wurin likita. Akwai kuma waɗanda suka mayar da karya injin buga kuɗi. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma tana neman namiji kamar sau biyu a shekara. Marar tausayi ba ya bari ko ɗaya ya wuce shi. Tana kulle a ƙuntataccen keji, ta haihu, a ƙwace 'ya'yan tun ba su cika mako takwas ɗin da ya kamata su yi da uwa ba, a sake haɗa ta. Don gudun biyan kuɗin namiji daga waje, sai a haɗa uba da 'yarsa, wa da ƙanwarsa. Ta haka cututtukan gado ke ninkuwa, musamman lalurar ƙugu da ta yi yawa a manyan karnuka irin Alsatian da Rottweiler, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa. Ranar ciniki ba a ganin komai. Sai bayan watanni mai gida zai lura karen yana tashi da ƙyar, yana haɗa ƙafafun baya in zai yi gudu. Kwikwiyon da aka raina da ƙanzo da ragowar tuwo zalla kuwa, ƙasusuwansa kan lanƙwashe. Wanda ba a yi wa rigakafi ba, ko dai cutar fabo ta kama shi da amai da gudawar jini, ko cutar distemfa ta taɓa masa jijiya ta bar shi da karkarwa ko shanyewar ƙafa. Da ya zama ba ya gadi, ko karyar ta daina haihuwa, sai a wayi gari an yar da shi a bola ko bakin kwari, yara na jifa.

A Birtaniya an yi wata karya mai suna Lusi da aka ceto daga irin wannan gidan kiwo a yankin Wales a 2013. Zaman keji ya tanƙware mata gadon baya, ƙugunta ya lalace, ga farfaɗiya. Matar da ta ɗauke ta ta yi jinyarta har karyar ta mutu a 2016. Labarinta ya tayar da gangami, har aka yi dokar da ake kira da sunanta, wadda ta fara aiki a Ingila a watan Afrilu na 2020. Dokar ta hana dillali sayar da kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai wata shida ba. Sai dai a saya kai tsaye daga mai kiwo, ko a karɓa daga gidan ceton dabbobi. Mai saye a Gombe yana iya kafa wa kansa wannan doka: in ba a nuna maka uwa da wurin kwananta da katin rigakafi mai sa hannun likita ba, riƙe kuɗinka.

To, ga karen a kwance a lungunku, tausayi ya kama ka. A nan ne ake son taka-tsantsan, domin ba kowace shanyewar ƙafa ce gurguntaka ba. Mutane sun saba da mahaukacin kare mai gudu da cizo, amma ciwon haukan kare yana da wata fuska ta shiru: ƙafafun baya su mutu, muƙamuƙi ya saki, yawu na dalala, karen kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mai kyakkyawar niyya ya sa hannu a baki don ya ciro ƙashin, ya ɗauko ajalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da alamu sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Saboda haka a kori yara daga wurin, kada a taɓa karen da hannu tsirara, a kira ma'aikatan asibitin dabbobi. In ya riga ya yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a garzaya Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a ranar don fara allura. Toka, gishiri, barkono ko gashin karen da wasu ke ƙonawa su shafa, babu wanda ke kashe ƙwayar cutar a cikinsu.

In likita ya duba ya ce gurguntaka ce kawai, jinyar ba ta fi ƙarfin talaka ba, haƙuri take ci. A samar masa inuwa mai iska da ruwan sha kullum. Zafin Maris da Afrilu a Gombe yana galabaitar da lafiyayyen kare mai gashi, balle wanda ba ya iya ja da jikinsa zuwa inuwa. A shimfiɗa masa tsohuwar katifa ko buhuna, a riƙa juya shi don kada gyambo ya fito a ƙugu, a wanke fitsari a busar da fata, in ba haka ba ƙuda zai yi ƙwai tsutsa ta shiga. Tawul da aka zagaya ƙarƙashin ciki yana taimaka masa ya taka. Wanda ƙafafun gabansa ke da ƙarfi, mai walda zai iya haɗa masa ɗan keke da bututun roba da tayoyin keken yara. Karen da ya girma a keji yana tsoron hannu da hayaniya, don haka a bar shi ya matso da kansa. Allurar haukan kare daga wata uku ake fara ta, ana kuma sabuntawa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana sarrafa ta a nan gida.

Sau da yawa maganin da aka ba shi ne ke ƙarasa shi. Ibuprofen da diclofenac, da muke sha don ciwon gaɓoɓi, suna fasa wa kare ciki su lalata ƙoda. Farasitamol ma ba a ba shi sai da awon likita. Fiya-fiya da maganin feshin gona da ake zuba wa kaska guba ne da ke ratsa fata, haka baƙin man da ake shafa wa ƙazuwa. Ragowar miya mai albasa da yawa tana lalata masa jini.

Na san mai karatu zai ce, ana fama da abincin yara wa ke ta kare? Ba a ce kowa ya ajiye shi ba, kuma malamai sun yi bayanin inda ya halatta: farauta, kiwo da tsaron gona. Amma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na wanda aka gafarta wa saboda shayar da kare mai ƙishi, kowane ɗalibin Islamiyya ya san shi, haka na matar da aka azabtar saboda kulle kyanwa. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ma ta sa azabtar da dabba cikin laifuffuka. Wanda ya san gidan da ake tara karnuka cikin ƙazanta da yunwa, wari da haushi sun hana maƙwabta sakat, ya sanar da mai unguwa da ofishin kula da dabbobi na jiha. A unguwa mai cunkoso irin Herwagana, inda katanga ɗaya ke raba gida da gida, karnukan da ba su da rigakafi haɗari ne ga yaran layin gaba ɗaya.