Kafin a Sauke Manhajar Haɗa Hotuna a Tabulet

Saura kwana huɗu ɗaurin aure, yayar amarya ta raba dare tana haɗa hoton kalandar biki a tabulet ɗinta. Ango da amarya a tsakiya, iyaye a sama, ƙawaye a gefe, ga furanni ruwan zinare sun zagaye kowa. A fuskar tabulet abin ya fito tsaf, dangi a zauren WhatsApp sai zuba mata "Masha Allah" suke yi. Da gari ya waye ta nufi shagon mai buga kalanda. Ya buɗe hoton a kwamfuta, ya ja shi ya cika takarda, sannan ya juyo mata da allon.

"Hajiya, wannan in na buga shi fashewa zai yi. Dubi fuskar ango, kamar an watsa mata toka. Ga kuma tambarin manhajar a ƙasa, ko shi ma yana cikin 'yan gayya?"

Masu irin waɗannan shaguna, daga Kano har Damagaram, sun saba da wannan taƙaddama. Matsalar kuwa takan faro ne tun ranar da aka sauke manhajar, domin akasarin mutane furanni da kwalliya suke dubawa, ba sa tambayar inda hoton zai ƙare: a sitatus ne da zai ɓace bayan awa 24, ko a bangon falo inda zai shekara yana kallon baƙi?

Haɗa hotuna da yawa su zama guda ya girmi tabulet nesa ba kusa ba. Sunan da duniya ta san shi da shi, kolaj, daga Faransanci ya fito, daga kalmar da ke nufin mannawa da gam. A 1912 Pablo Picasso da Georges Braque suka fara liƙa guntayen takarda da na leda a jikin zanensu a Faransa, bayan 'yan shekaru kuma Hannah Höch a Balin ta shahara da yanko hotuna daga mujallu tana harhaɗa su. A gidajen Hausa ma da yawa sun taso sun tarar da firam guda a falo, an soke hotunan fasfo na 'ya'ya da jikoki a gefe-gefensa. Da kamfanin Apple ya fito da iPad a 2010, sai yatsa ya maye gurbin almakashi da gam, faɗin allon kuma ya ba mutum sararin da waya ba ta bayarwa.

Manhajojin da ke wannan aiki a yau sun kasu gida uku, kuma kowane gida da irin mutanensa.

Na farko su ne masu gurabe kamar gidan dara. Mutum ya zaɓi hotuna huɗu ko shida, manhaja ta jera su, ya gyara kaurin layin da ke tsakaninsu, shi ke nan. PicCollage tana cikin wannan sahu. Wanda buƙatarsa ba ta wuce hotunan yara ranar Sallah ba, wataƙila ma ba sai ya sauke komai ba, domin Google Photos da manhajar hotuna ta tabulet ɗin Samsung duk suna jera hotuna a haka, kyauta, babu tambari.

Na biyu su ne masu zubi da aka riga aka tsara, mutum ya cire hoton da ke ciki ya sa nasa, ya canza rubutu. Canva, wadda Melanie Perkins da abokan aikinta suka ƙaddamar a Ostareliya a 2013, ita ce ta fi suna a nan. Akwai Picsart, wadda ta samo asali a Armeniya a 2011, da kuma Adobe Express. Su ne suka dace da katin gayyata, sanarwar walimar saukar Alƙur'ani, da tallar atamfa ko turaren wuta. Matasan da ke haɗa fosta a kan Android a Nijeriya kuwa da yawansu PixelLab suka riƙe, saboda ba ta da nauyi kuma tana ba da iko sosai a kan rubutu.

Na uku su ne na masu son yin komai da hannunsu. A nan ne ake aiki da abin da masu sana'ar ke kira leya: kowane hoto yana kan shimfiɗarsa, kamar an ɗora gilasai a kan juna, ana iya matsar da amarya ba tare da an taɓa furen da ke bayanta ba. Procreate, wadda wani kamfani a Hobart ta tsibirin Tasmaniya ya fitar a 2011, tana cikinsu, sai dai a iPad take aiki, babu ita a Android. Photoshop ta iso iPad a ƙarshen 2019. Mai tabulet ɗin Android yana da ibisPaint ta ƙasar Japan, da Krita wadda kyauta ce gaba ɗaya. Waɗannan suna buƙatar zama a koya, kuma sun fi daɗi da alƙalamin allo, irin Apple Pencil ko S Pen na Samsung.

To, me ya fasa fuskar ango? Lissafi ne mai sauƙi. Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma bugu mai kyau da za a kalla a kusa yana son ɗigo 300 a kowane inci. Takardar A4 ke nan tana buƙatar fiksel 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo, A3 kuma, wadda ake yawan buga kalanda a kai, 3,508 da 4,961. Manhajoji da dama da aka ƙera don shafukan sada zumunta suna fitar da hoto mai faɗin fiksel 1,080, wanda ya wadatar da Instagram. A takarda, faɗinsa na gaskiya kusan santimita 9 ne kacal. Idan aka ja shi ya cika A3, kowane inci zai samu ɗigo kusan 92, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da ake so. Allon tabulet yana rufa wa hoto asiri, injin bugu kuwa tona shi yake yi. Babbar bana da ake kallo daga tsallaken titi tana iya jure ƙarancin ɗigo, amma kalandar da ake tsayawa a gabanta ana neman fuskar wance ba ta jurewa.

Don haka tambayar farko da ya kamata a yi wa kowace manhaja ita ce ko tana barin mutum ya rubuta girman aikinsa da kansa. Canva tana karɓar awo da santimita tun kafin a fara, tana kuma fitar da PDF na bugawa. Procreate ma tana barin a zaɓi girma, har takan nuna adadin leya da za a samu, domin gwargwadon girman fili gwargwadon raguwar leya, musamman a tsohuwar iPad mai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Akwai wani tarko a irin waɗannan manhajoji na zane: hoton da aka ƙanƙance aka ajiye, in an dawo an sake buɗa shi, ba ya komawa yadda yake. Masu hankali sukan ajiye kwafi ɗaya a ɓoye kafin su taɓa girmansa.

Manhaja mafi tsada ma ba za ta ceci hoton da ya riga ya lalace ba. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi ta hanyar da aka saba, kuma hoton da ya bi ta hannun mutum biyar ya sha matsa har ya gaji. Abin yi shi ne a roƙi mai hoto ya turo na asali a matsayin dokumen. Idan wani hoton ya yi duhu wani ya yi haske, Snapseed, wadda Google ya saya a 2012, tana daidaita su kyauta kafin a kai su wurin haɗawa, don kada ango ya fito da rana tsaka amarya kuma da magariba.

Akwai jarrabawar da mai rubutu da Hausa ne kaɗai zai yi wa manhaja, wato ta haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da ita a Nijar. Yawancin haruffan kwalliya masu lanƙwasa an zana su ne don harsunan Turai, babu waɗannan a cikinsu. Mutum zai rubuta "ɗaurin aure" ya ga ɗan akwati a gurbin harafin farko, ko ya ga harafin ya fito da wani zubi dabam kamar baƙo a cikin dangi. Wasu sai su haƙura su jefar da ƙugiyar, nan ne "muna maraba da baƙi" ke komawa maraba da baki. Zubin haruffa irin Noto Sans na Google, da Andika da Charis na cibiyar SIL, duk suna ɗauke da su. PixelLab da Procreate suna karɓar haruffan da mutum ya shigo da su daga waje, a Canva kuwa sai mai biya ne ke samun wannan dama. Mai son sa Bismillah ko rubutun ajami a saman kati shi ma ya gwada tukuna, domin wasu manhajojin sukan rarraba haruffan Larabci ko su jera su daga hagu.

Yanke mutum daga bayan hotonsa shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Tun daga 2022, sabbin iPad suna yin wannan a cikin manhajar hotuna: a danna yatsa a kan mutum a riƙe, sai ya ɗago shi kaɗai. Picsart da Canva ma suna da maɓallin, na Canva yana cikin kayan masu biya. Sai dai na'urar takan rikice a kan gefen mayafi shara-shara, da hudojin leshi, da ƙarshen ɗaurin ɗankwali, ta gutsure su ko ta bar musu guntun bango. Manhajar kirki ita ce wadda ke ba da magogi a gyara da hannu bayan ta yi nata. Abin da aka yanke kuma a PNG ake ajiye shi, domin JPEG ba ya riƙe wurin da babu komai, cike shi yake yi da launi.

Sai maganar kuɗi. Procreate sau ɗaya ake saye. Photoshop kuɗin wata-wata ne. Canva da Picsart da PicCollage suna da na kyauta da na biya, kuma a na kyautar ne ake cin karo da talla, ko tambari, ko furen da sai an gama aiki za a ce na masu biya ne. Gwajin kyauta na 'yan kwanaki yakan rikiɗe ya zama biya da kansa, kuma goge manhaja daga tabulet ba ya tsayar da cirar kuɗin. Sai an shiga Play Store ko App Store an soke. Su kuwa manhajojin da aka fasa ake rabawa a zaurukan Telegram, masu alƙawarin komai kyauta, babu wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu, ga shi hotunan gida ake miƙa musu.

Wannan batu na hotunan gida ba ƙarami ba ne a wurin da ake kishin fuskar iyali. Tun 2020 a na'urorin Apple, da kuma 2023 a Android 14, mutum yana iya ba manhaja izinin ganin hotunan da ya zaɓa kawai maimakon rumbun gaba ɗaya. Canva a intanet take ajiye aiki, abin da ke da amfani in tabulet ta faɗa ruwa, amma yana nufin data, kuma ranar da sabis ya yi rauni aiki ya tsaya. Procreate da Snapseed da PixelLab suna aiki ba tare da intanet ba. Manhajar haɗa hoto da ta nemi lambobin waya ko wurin da mutum yake, ta nemi abin da bai shafe ta ba. Kuma ladabi ne a tambayi ƙawar amarya kafin fuskarta ta hau kalandar da za a raba wa mutum ɗari uku.

Duk waɗannan ana iya gane su cikin minti goma sha biyar. A ɗauki hotuna uku, a yanke ɗaya, a rubuta "baƙi" da "ɗaki" da "ɓaure", a fitar da aikin, a duba bayanan fayil ɗin a ga fiksel nawa ya fito da shi da kuma ko akwai tambari. In na bugawa ne, a kai shago a buga kwafi ɗaya, domin launin da allo ke haskawa yakan ɗan dushe idan ya koma tawada, musamman shuɗi da kore masu ƙyalli.

Yayar amarya dai gida ta koma. Ta kira mai hoto ya turo na asali a dokumen, ta buɗe sabon fili mai fiksel 3,508 da 4,961 a wata manhajar, ta sake jera kowa a gurbinsa. Washegari mai shago ya buga gwaji ɗaya ya ɗaga shi a bakin ƙofa inda haske yake. Zaren aikin hular ango ana iya ƙirga shi, ƙugiyar "ɗaurin aure" tana nan daram.

"Yauwa Hajiya," in ji shi, "yanzu guda nawa za a buga?"