Ko Kun Sani?

A kokowar Takobin Ƙasa ta Nijar, wadda Diffa ta karɓi baƙuncinta a Disambar 2022 har Issaka Issaka na Doso ya lashe, ba a raba ƴan kokowa bisa nauyi. Siriri na iya karawa da ƙato. A gasar kokowa ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (CEDEAO) kuwa akwai rukuni-rukuni, daga kilo 66 zuwa 120.

Sai dai sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Abinci da ruwa kaɗai kan sauya nauyin mutum da kilo ɗaya ko biyu a yini. Don haka mai gina jiki ya riƙa hawa sikeli da safe kafin karin kumallo, ya kuma auna ƙugu da damtse da awon tela.